BABI NA TARA: FARAUTAR KWANA DA MATSAYIN KARE A ƘASAR MAFARA, BAKURA DA MARADUN

9.0 Gabatarwa

Farauta tana daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Bahaushe, kuma ita ce sana'ar da ta fi haɗa mutum da kare a doguwar tafiyar ƙasa. Wannan darasi zai yi nazarin farautar kwana kamar yadda aka san ta a Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda ƙananan hukumomi ne a Jihar Zamfara, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya bambance farauta da harbi, ya bayyana aikin kare a cikin tafiyar, sannan ya feɗe kalmomin sana'ar ta fuskar ƙirar kalma da karin harshe.

9.1 Farauta da Harbi

Sau da yawa akan ɗauki kalmomin nan biyu a matsayin abu ɗaya, alhali kuwa akwai bambanci a tsakaninsu. Harbi sana'ar gado ce wadda maharbi yake yi shi kaɗai ko da ɗansa, da kwari da baka ko bindigar toka, kuma jarinsa shi ne sanɗa da haƙuri da sanin sawun dabba. Shugaban maharba shi ne Sarkin Baka. Farauta kuwa aikin taro ce. Samari da magidanta sukan fita da karnuka da sanduna da kiɗa, su tayar da dabba daga maɓoyarta, su bi ta da gudu. Saboda haka, abin da yake ɓata wa maharbi aiki, wato hayaniya, shi ne yake gyara wa mafarauci nasa.

Farauta iri biyu ce. Akwai ta wuni, wadda ake fita da hantsi a dawo kafin magariba. Akwai kuma ta kwana, wadda ake ɗaukar kwanaki ana yada zango a dawa. Ana yin ta ne bayan an kawar da amfanin gona, tun daga hunturu har zuwa bazara, lokacin da ciyawa ta bushe, kuma babu fargabar tattake shukar kowa.

9.2 Yanayin Ƙasar

Maradun tana gabas da Talata Mafara, Bakura kuma tana arewa maso yamma da ita. Gulbin Sakkwato shi ne ya ratsa yankin, don haka mafarauci yakan taka ƙasa iri biyu. Akwai fadama mai laka da duhuwa, akwai kuma tudu mai sabara da geza da kalgo da aduwa da farar ƙaya. Namun da aka saba samu sun haɗa da zomo da gada da kurege da gafiya da damo da bushiya da zabin dawa da makwarwa. A rani, inda ruwa ya rage nan dabbobi suke taruwa, shi ya sa hanyar mafarauta takan bi gefen gulbi da tafkuna, irin Tafkin Natu da ke ƙasar Bakura.

9.3 Shirin Tafiya

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Uban farauta shi yake sa rana, ya aika wa ƙauyuka maƙwabta, ya faɗi dajin da za a shiga da mahaɗar da za a taru. Kowane mafarauci yakan tanadi abubuwa uku. Na farko makamai, wato kere da gora da barandami da wuƙar yanka. Na biyu guzuri marar nauyi wanda ba ya saurin lalacewa, kamar ƙuli-ƙuli da gumba da dawon fura, a cikin burgami. Na uku ruwa a gora ko salka. Wasu sukan ƙara da layu da guraye da kambuna, musamman 'yan tauri, waɗanda ba a cika raba su da taron farauta ba. Makaɗa ma suna cikin ayarin, domin ganga ce take zuga maza, ita ce kuma take kiran wanda ya ɓace. A ƙasar Zamfara, Kassu Zurmi yana cikin makaɗan maza da suka yi suna a wannan fage.

9.4 Kare a Cikin Tafiya

Bahaushe bai ɗauki kare abin wasa ko abokin kwanan ɗaki ba. Ma'aikaci ne, kuma darajarsa tana ga aikinsa. Addinin Musulunci ya yarda a ajiye kare domin farauta ko tsaron dabbobi ko gona, kuma aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo idan an ambaci sunan Allah. Wannan sharaɗi na horo ya yi daidai da abin da mafarauta suke nema ga karen ƙwarai: ya tafi idan an cuna shi, ya dawo idan an kira shi, kuma kada ya ci abin da ya kama.

Horo yana farawa tun kare yana kwikwiyo. Akan saba masa da muryar ubangidansa da fitonsa, sannan a riƙa fita da shi farautar wuni tare da manyan karnuka har ya koyi bin sawu. Karen da bai saba da gajerar tafiya ba, ba zai jure doguwa ba, don tafin ƙafarsa bai yi kanta ba.

A cikin dawa, aikin kare huɗu ne. Yana sansano dabba, domin hancinsa ya fi na mutum nesa ba kusa ba. Yana kutsawa sarƙaƙiyar da mutum ba ya iya shiga ya tayar da ita. Yana bin ta da gudu har ya kama ko ya koro ta wajen masu kere. Da dare kuma shi ne mai gadin zango. Bisa al'ada, abin da kare ya kama na ubangidansa ne, amma a nan ne rigima takan tashi, idan wani ya yi iƙirarin cewa kerensa ne ya fara samun dabbar. Raba irin wannan gardama yana cikin manyan ayyukan uban farauta.

Doguwar tafiya tana da haɗari ga kare fiye da yadda ake zato. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum. Ta haki da zaro harshe yake fitar da zafi, saboda haka a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yakan haura digiri 40, gudun tsakar rana yana iya kashe shi. Gogaggen mafarauci yakan yi sammako, ya huta a inuwa idan rana ta take, ya riƙa ba karensa ruwa kaɗan-kaɗan. A zango yakan duba tsakanin yatsunsa ya cire tsidau da ƙarangiya, ya duba kunnuwa ya cire kaska. Ba a cika wa kare ciki kafin gudu, sai da yamma ake ba shi rabonsa na kayan ciki da ƙasusuwa.

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne ciwon haukan kare, wanda kare yake iya ɗauka daga cizon wani kare ko na dabbar dawa irin su dila. Da zarar alamun ciwon sun bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya rayu. Tun shekarar 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa mutum allurar wannan ciwo. Abin da likitoci suka yi umurni da shi shi ne a yi wa kare rigakafi, wanda aka ciza kuma ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya hanzarta zuwa asibiti.

9.5 Farauta a Bakin Bahaushe

Ta fuskar ƙirar kalma, ana samar da sunan mai aikin ta hanyar ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, kamar a maharbi da maratayi. A kalmar mafarauci kuwa, an sami ganɗantawa, inda /t/ ta koma /c/ a gaban wasalin /i/. Da aka zo jam'i, wato mafarauta, sai /t/ ta dawo domin wasalin /a/ ne ya biyo ta.

Ta fuskar karin harshe, yankin yana cikin Hausar yamma. Ana cewa hwarauta da tahiya da hura a madadin farauta da tafiya da fura. Ana cewa halbi da mahalbi a madadin harbi da maharbi. Haka kuma ana cewa sunka tahi a inda daidaitacciyar Hausa take cewa suka tafi. Ya kamata malami ya nuna wa ɗalibansa cewa waɗannan ba kurakurai ba ne, sai dai a rubutun makaranta ana bin daidaitacciyar Hausa. A lura kuma da kalmar gora, wadda karin sauti da jinsi suke raba ma'anarta biyu: goran ruwa namiji ne, gorar duka kuwa mace ce.

Karin magana ma ta adana hikimar sana'ar. Misali:

(a) Kowa ya ci zomo ya ci gudu.
(b) Karen bana shi ke maganin zomon bana.
(c) Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa.

A Hausar siyasa kuma, karen farauta ya sami sabuwar ma'ana, wato wanda ake cunawa ga abokin hamayya.

9.6 Sauye-sauyen Zamani

Abubuwa uku ne suka raunana farautar kwana a yankin. Na farko shi ne madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gina a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Tafkinta ya mamaye kimanin hekta 8,000, noman rani kuma ya ba manoma aiki a lokacin da a da suke fita dawa. Na biyu shi ne faɗaɗa gonaki da saran itace da ƙonon daji, waɗanda suka rage namun dawa matuƙa. Na uku shi ne ta'addancin 'yan bindiga da ya tsananta a Zamfara tun wajen 2011, wanda ya mayar da dazuzzuka irin Dajin Sububu wuraren da talaka ba ya iya shiga. Idan sana'a ta tsaya, kalmominta ne suke fara ɓacewa. Yaro yana iya haddace karin maganar zomo da maratayinsa, amma bai taɓa ganin kere ba, balle ya san dalilin da ya sa ake rataya zomo.

9.7 Kammalawa

An ga cewa farautar kwana tafiya ce mai tsari, mai shugabanci da dokoki, kuma nasararta ta dogara ga horon kare da kula da lafiyarsa. An kuma ga yadda sana'ar ta bar gurbinta a cikin harshe. Dattawan da suka yi wannan tafiya da ƙafafunsu suna raguwa, don haka tattara kalmomi daga bakinsu aiki ne da ya rataya a wuyan malaman Hausa masu tasowa.

9.8 Auna Fahimta

1. Kawo bambance-bambance uku tsakanin farauta da harbi.
2. Bayyana ayyuka huɗu na kare a farautar kwana.
3. Me ya sa ake cewa mafarauci amma a jam'i a ce mafarauta? Kawo wasu misalai uku masu irin wannan sauyi.
4. Yi sharhi a kan karin magana ta (b), tare da nuna inda ake amfani da ita a yau.
5. Aikin gida: tattauna da wani tsohon mafarauci a cikin garinku, ka rubuto kalmomi 20 na sana'ar da ma'anoninsu, a karin harshensa da kuma daidaitacciyar Hausa.