Yadda Ake Gano Matsalar Kwamfutar Tebur Idan Ta Ƙi Tashi

Ka danna madanni da safe, shiru kake ji: babu ƙarar fanka, babu ɗan hasken nan na gaba. Kafin ka kinkimi akwatin zuwa shagon gyara a ce maka madabod ta ƙone, ka sani cewa masu wannan sana'a daga bango suke farawa. Sai sun gama da abu mai araha sannan su taɓa mai tsada.

Da farko ka tabbatar wuta tana isowa. Zare filogin kwamfutar, ka jona cajar waya a wannan soket ɗin ka gani. In ta bi ta sitabilaiza ko UPS ne, ka tsallake su ka jona ta kai tsaye a bango. Filogi mai ƙafa uku yana da fis a cikinsa, kuma yakan ƙone ba tare da wata alama ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ari wayar monita ka gwada, domin galibi bakinsu iri ɗaya ne.

Daga nan sai ka leƙa bayan akwatin, inda fawa fak yake. Akwai makunni mai alamar I da O. A kan I ya kamata ya tsaya, kuma mai shara kan iya ture shi bai sani ba. Tsofaffin kwamfutoci suna da wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya da Nijar ta ɓangaren 230 ce. Kwamfutar gwanjo da ta taso daga Amurka takan zo a kan 115, in aka jona ta haka sai dai a ji "fas" da ƙauri.

Idan duk wannan lafiya lau, zare wayar wuta, ka cire firinta da filas da duk abin da ke maƙale a jiki, ka danne madannin na tsawon daƙiƙa 30 don ragowar caji ta fita. Mayar da wayar kaɗai ka gwada. Sau da yawa a nan magana take ƙarewa.

In ta ƙi, sai buɗewa. Ka sake zare wayar, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki, saboda ɗan tartsatsin da jiki ke tarawa, musamman da hunturu, yana kashe kayan ciki. Bari hanci da ido su fara aiki: akwai warin ƙuna? Akwai kafasitar da kanta ya kumbura ko ta yi tsatsa? Kaɗe ƙura da burushi mai laushi. Sai ka danna manyan wayoyi biyu su zauna daram: mai baki 24 da ke gefen madabod, da mai baki 4 ko 8 da ke kusa da furosesa.

Wani lokaci madannin ne kansa ya mutu. Bi siririyar wayarsa har inda ta shiga fil biyu a madabod, inda akan rubuta PWR SW. Zare ta, ka mayar da wuta, ka haɗa fil biyun nan da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. In fanka ta juya, ka kama ɓarawon.

Saura gwajin fawa fak. Kashe wuta, ka raba duk wayoyinsa da madabod. A babbar wayar nan mai baki 24 akwai koriya guda ɗaya tak. Lanƙwasa kilif na takarda, ka sa baki ɗaya a ramin koriyar, ɗayan a ramin kowace baƙa, sannan ka kunna. In fankarsa ba ta motsa ba, mai yiwuwa ya mutu. In ta juya, auna da mita: ruwan ɗorawa bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3. Amma fa wasu ƙirar Dell da HP bakin wayarsu daban yake, kada a yi musu wannan gwaji da ka.

Idan kuwa fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin, to wuta ta shigo, matsalar wata ce. Zare wayar wuta, ka cire ram, ka goge bakinta mai ruwan zinare da magogin fensir, ka mayar har sai ka ji ta ce "ƙas". Canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, shi ma yakan tayar da ita.

Abu ɗaya ne ba a yi: kada ka kwance fawa fak da sunan gyara. Kafasitocin cikinsa suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare filogi. Sabo ake saya, a kuma haɗa da sitabilaiza. Sai ka bi duk waɗannan matakai ba ta motsa ba, sannan za ka zargi madabod ka nemi mai gyara.