DARASI: RESHE GUDA, LADA MAI YAWA — LADUBBAN BAYARWA DA KARƁAR DASHE

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya rayar da ƙasa bayan bushewarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan uwa musulmi, dalilin wannan darasi wata ƙara ce da aka kawo gabanmu bayan sallar la'asar. Maƙwabta biyu, waɗanda suka shekara da shekaru suna sahu ɗaya, sun daina gaisawa saboda reshen fure. Ɗaya yana da bugambiliye mai jan fure da ta lulluɓe katangarsa. Ɗaya kuma ya aiki yaronsa da dare ya karyo rassa domin ya dasa a gidansa. Yaron ya fizga da ƙarfi, ya tsage babban reshe, itacen ya yi rauni, rassan da aka sato kuma ko ɗaya bai kama ba. Mai itace ya yi hasara, mai ɗauka bai samu kome ba, zumunci ya lalace. Da ya yi sallama ya roƙa, da an ba shi da hannu biyu, an kuma nuna masa yadda ake yanka. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani a kan abu biyu: hukuncin musayar dashe, da kuma yadda ake yin sa har ya kama.

Asalin al'amarin a cikin sunna

Imamu Ahmad ya kawo labarin Salmanul Farisi, Allah Ya yarda da shi, lokacin da yake bawa a Madina. Ubangidansa ya yarda ya ƴanta shi bisa sharaɗin ya dasa masa dabino 300 su rayu, ya kuma biya uƙiyya 40. Salmanu ba shi da ko ɗan dabino guda. Sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su taimaki ɗan uwansu. Wani ya kawo ƴaƴan dabino 30, wani 20, wani 15, wani 10, kowa gwargwadon abin da ke garkarsa, har adadin ya cika. Aka haƙa ramuka, Manzon Allah ya riƙa sanya su da hannunsa mai albarka, kuma babu wanda ya mutu a cikinsu.

Mu lura da abin da sahabbai suka kawo. Ba ƙwallon dabino ba ne, tsiron da ke fitowa a gindin uwa ne, wanda ake cirewa a dasa. Manoman dabino na Kawar da Ingal sun san dalili: wanda ya shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai fito maza ne marasa haihuwa, matan ma ba lalle su yi kama da uwarsu ba. Amma tsiron gindi, shi uwar ce da kanta a wani sabon wuri. Da irin wannan kyauta aka fanshi wuyan babban sahabi.

Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen musulmi, ana rubuta masa shi sadaka. Wani hadisin na Anas, a wajen Ahmad, ya kwaɗaitar da wanda ke riƙe da ɗan dabino ya dasa shi ko da Alƙiyama tana shirin tsayuwa. Malaman musulmi ba su raina wannan ilimi ba. Ibnul Awwam, mutumin Ishbiliya a Andalus, ya rubuta Kitabul Filaha wajen ƙarshen ƙarni na 12 na Miladiyya, ya yi bayani a cikinsa kan dasa reshe, da binne shi, da aurar da itace.

Halin da muke ciki a Yamai

Wanda ya bi bakin kogin Isa, daga Yantala zuwa Gadar Kennedy har Gamkale, zai ga masu renon itace sun jera ledoji cike da furanni da ƴan itatuwa. Mafi yawan abin da ke cikin ledojin nan daga reshe aka samo shi. Kuma da yawa daga cikinsu baƙi ne a ƙasarmu: bugambiliye daga Kudancin Amurka ta fito, dogon yaro da zogale da mangwaro daga yankin Indiya. Hannu zuwa hannu suka iso mu. Wanda ya tuna da haka ba zai yi rowar abin da shi ma ba shi aka yi ba.

Garinmu yana buƙatar kowane ganye. Ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, a watan Afrilu kuma zafi yakan haura digiri 40. A 1965 aka fara dasa dajin dogon yaro da ya kewaye birnin domin ya tare iska da ƙura, amma yankan filaye da gine-gine sun cinye sashe mai yawa daga cikinsa. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a Nijar, sai dai dashen yini guda ba ya wadatar da gari, idan babu masu reno a gidaje da masallatai. A 1985 kogi ya tsaya da gudu a Yamai saboda fari. A 2020 kuma ya cika ya tumbatsa, ya shanye gidaje da garake a Lamorde da sauran unguwannin ƙetaren kogi. Wanda ya ɓoye irinsa a garka ɗaya, ambaliya ɗaya ta isa ta raba shi da shi har abada. Wanda kuwa ya rarraba wa ƴan uwa a unguwannin tudu, in ruwa ya janye zai je ya karɓo abinsa. Ashe bayarwa ma ajiya ce.

Yadda ake dasa reshe

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. Da kara muke dasa rogo da rake, da yaɗo muke dasa dankali. Iyayenmu sun yi shinge da dashi da aguwa da bini-da-zugu, sun kafa sandar ceɗiya a ƙofar gida ta zama inuwar unguwa. Furanni dai sun fi son lallami. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

1. Lokaci. Mafi dacewa shi ne tsakiyar damina, Yuli da Agusta, sa'ad da iska ke da laima. Ana iya yi da sanyi idan an kare dashen daga hunturu. A guji bazara. A yanka da sassafe, kafin rana ta sha ruwan jikin reshen.

2. Zaɓen reshe. A ɗauka daga uwa mai lafiya. Kada ya zama ɗanye sharaf, kada kuma ya zama tsoho ƙwarai. Kaurinsa kamar na alƙalami, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20, yana da gaɓa uku ko huɗu.

3. Yanka. Da wuƙa mai kaifi, mai tsabta, a yanke daf da ƙarƙashin gaɓa, domin daga nan saiwa ta fi fitowa. Ba a karyawa da hannu. A cire fure da ganyen ƙasa, a bar ganye biyu a sama. Reshe ba shi da saiwar shan ruwa tukuna, ganye mai yawa kuwa zai busar da shi.

4. Ƙasa. A gauraya rairayin kogi da ƙasa mai laushi, da ɗan taki wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona dashe, yana kuma kiran gara. A huda gindin leda ko gwangwani domin ruwa ya wuce. A binne rabin reshen, a kula kada a juya kansa ƙasa.

5. Reno. A ajiye a inuwa mai haske. Ƙasa ta kasance da danshi, ba jagwab ba, domin yawan ruwa ya fi ƙaranci kashe dashe. Idan iska ta bushe, a kifa masa farar leda. Ibiskus, ɗan uwan yakuwa da rama, yakan yi saiwa cikin wata ɗaya zuwa biyu. Bugambiliye ta fi nawa, takan kai wata biyu ko fiye, kuma ba duka ke kamawa ba, don haka a dasa da yawa. Kada a riƙa tumɓukewa ana dubawa.

6. Masu hali na daban. Faranjipaniye, mai farin fure da ƙamshi, ana barin bakin yankansa ya bushe kwana kaɗan a inuwa kafin a dasa. Yasmin ana iya lanƙwaso reshensa a binne tsakiyarsa yana jikin uwa, sai ya yi saiwa a yanke. Na'ana'a da ciyawar shayi ta sitaronel raba gindinsu ake yi. Lalle yana kamawa daga reshe. Loriye-roz yana yin saiwa ko a cikin kwalbar ruwa, amma a riƙa sauya ruwan kowane kwana biyu ko uku, don kada ya zama gidan sauro.

Mas'aloli biyar

Ta farko: ɗauka ba da izini ba. Dukiyar musulmi ba ta halatta ga ɗan uwansa sai da daɗin ransa, kuma shari'a ba ta ware ƙaramin abu daga wannan ƙa'ida ba. Reshen da ya leƙo waje ta kan katanga har yanzu na mai gida ne. Idan ya shigo gidanka yana cutar da kai, kana da haƙƙin neman ya kawar da shi, amma wannan bai mayar da itacen naka ba. Wasu suna cewa wai dashen sata ya fi kamawa. Wannan camfi ne, ba shi da asali a addini ko a ilimin noma. Mafi muni kuma shi ne aiken yaro, domin an haɗa ɗaukar haƙƙin wani da koya wa ɗa sata.

Ta biyu: itacen masallaci da na hukuma. Abin da aka dasa a harabar masallaci ko makaranta na jama'a ne, ba mai taɓa shi sai da izinin masu kula da wurin. Na bakin hanya da na ma'aikatu kuma yana ƙarƙashin hukuma. Muna shawartar kwamitocin masallatai su sanar da ranar da za su yi wa furanni aski, domin rassan da da za a zubar su zama rabon masu so.

Ta uku: musaya. Ya halatta mutum ya ba da ibiskus biyu ya karɓi bugambiliye ɗaya hannu da hannu. A mazhabar Imamu Malik, ribar fifiko ta shafi zinariya da azurfa da abincin da ake rayuwa a kansa ake kuma adana shi. Furannin ado ba su cikin wannan. Sharaɗi dai kowa ya ga abin da zai karɓa, ya yarda.

Ta huɗu: algus. Reshen da aka soka a leda yakan fitar da sabon ganye daga ajiyar jikinsa tun bai yi saiwa ba. Wanda ya sayar da shi a matsayin wanda ya kama, alhali ya sani, ya yi ha'inci, kuma Manzon Allah ya barranta daga mai ha'inci. Haka wanda ya ce fari ne alhali ja ne, ko ya ɓoye farin ƙwaron da ke maƙale a ƙarƙashin ganye. Reshe yana ɗauko cutar uwarsa kamar yadda yake ɗauko launinta. Mai saye kuma ya tuna wahalar ɗibar ruwan wata biyu ko uku, kada ya tauye wa mai reno kuɗin guminsa.

Ta biyar: faɗin aibi ko a kyauta. Loriye-roz guba ne tun daga ganye har saiwa. Ba a yin asuwaki da shi, ba a tsire nama da shi, ba a hura wuta da shi, ba a barin awaki su ci. Ƴaƴan bini-da-zugu ma suna cutar da yara idan sun ci. Wanda ya ba gida mai ƙananan yara irin waɗannan bai faɗa ba, kyautarsa tana iya zama sanadin kuka.

Nasiha

Mai itace, kada ka hana. Kuɗi idan ka bayar sun bar aljihunka, amma reshe idan an yanke shi da kyau, uwar ƙara tofo take yi. Mai roƙo, ka yi sallama, ka karɓi abin da aka ba ka, ka rena shi da amana, in ya girma kai ma ka ba wani. Iyaye mata, waɗanda su ne suka fi riƙe wannan al'ada ta aika wa juna lalle da na'ana'a, Allah Ya saka muku, ku koya wa yara roƙo da ladabi.

Ga kuma ruwan alwala da ke malala a ƙofofin masallatanmu sau biyar a yini, yana zama taɓo da matattarar sauro. Babu laifi a shayar da shuka da shi. Ƴar magudana kaɗan ta isa ta kai shi gindin lalle ko zogale ko fure. Muna roƙon kowane masallaci ya keɓe kusurwa mai inuwa, matasa su tara ledoji da gwangwanaye, a rena dashe a wannan damina, a raba wa gidajen da ba su da shi.

Su kuwa maƙwabtan nan biyu, alhamdu lillahi an sasanta su. Wanda ya yi laifi ya nemi gafara, mai itacen kuma ya yanko rassa biyar da hannunsa ya kai masa har gida.

Allah Ya sa mu cikin masu dasa alheri, Ya tsare hannayenmu daga haƙƙin mutane, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.