Gyaran Shafin Ma'aikata Bayan An Sabunta Na'ura

Shafukan intanet na hukumomin Gwamnatin Tarayya, waɗanda sunansu ke ƙarewa da .gov.ng, suna zaune ne a cikin manyan kwamfutoci da ake kira uwar garke. A Abuja, kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006, yana ajiye da yawa daga cikinsu. Wannan darasi domin ma'aikacin da aka damƙa wa kula da irin wannan na'ura ne, amma sauran jama'a ma za su ƙaru da shi.

Yadda Aikin Yake

Idan mutum ya nemi shafi, manhajar Apache ce ke karɓar buƙatarsa. Shafuka da yawa kuwa an rubuta su ne da harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. Apache ba ta jin wannan harshe, sai ta miƙa wa tafinta, watau mahaɗin PHP, ya aiwatar da umurnin, sa'an nan ta aika da sakamakon.

Inda Matsala Ke Tasowa

Ubuntu 22.04 tana ɗauke da PHP 8.1, ta 24.04 da ta fito a 2024 kuwa PHP 8.3. Bayan sabuntawa, mai yiwuwa ne Apache ta ci gaba da neman tsohon tafinta alhali an cire shi, sai ta ƙi tashi. Mafi muni shi ne ta tashi ba tafinta ko ɗaya, ta nuna wa kowa ainihin rubutun umurnin. Cikinsa akan sami kalmar sirri ta rumbun bayanai, inda sunaye da lambobin jama'a suke. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa kowace hukuma alhakin tsare su.

Matakan Gyara

1. A rufe shafin ga jama'a, a ajiye kwafin komai a wuri dabam.
2. A girka sabon mahaɗi: apt install libapache2-mod-php8.3
3. A kashe tsohon: a2dismod php8.1
4. A kunna sabon: a2enmod php8.3
5. A duba tsarin da apachectl configtest. In babu kuskure, a tā da Apache: systemctl restart apache2
6. A maido da ƙa'idodin ofis, kamar iyakar girman takardar da ake karɓa, cikin /etc/php/8.3/apache2/php.ini, domin sabon fayil bai san abin da aka shirya a tsohon ba.

In har shafin ya fito fari fat, a karanta /var/log/apache2/error.log, nan ake rubuta dalili.

Gargaɗi

Duk lokacin da rubutun umurni ya bayyana a fili, ko na minti guda ne, tilas a canja kalmar sirri nan da nan, a kuma sanar da shugaban sashe. Lalle ne a fara gwada kowace sabuntawa a kan na'urar gwaji kafin a taɓa wadda jama'a ke amfani da ita. Rigakafi ya fi magani.