Rajistar Masu Sauraro a Manhajar Wayar Hannu

Wannan darasi an shirya shi ne domin samari da 'yan mata masu koyon ƙirar manhaja, da kuma sauran jama'a masu riƙe da waya. Manufarsa ita ce a fahimci yadda manhaja take samun labarin abin da ke gudana a cikin waya, da kuma dokokin da suka tsare wannan al'amari.

1. Shela da Mai Sauraro

Wayar da ke aiki da tsarin Android, wanda ya fito kasuwa a 2008, takan yi shela duk lokacin da wani abu ya auku, kamar kammala kunnuwa, ko shigowar saƙon tes. Manhajar da ke bukatar jin wata shela sai ta ajiye mai sauraro, wato wani ɗan ƙunshin umarni mai jiran shelar. Ana rubuta sunansa a kundin rajista mai suna AndroidManifest.xml. Ta haka ne waya za ta tashe shi ko da ba a buɗe manhajar ba.

2. Misali Daga Iware

Garin Iware, a Ƙaramar Hukumar Ardo-Kola kusa da Jalingo, ya shahara da kasuwar shanu. A ce wani ɗalibi ya ƙera wa dillalai manhajar da za ta riƙa tunatar da su ranar karɓar bashi. Ƙa'idar Android ita ce, idan waya ta mutu sai dukan ƙararrawar da manhaja ta ɗana su goge. Saboda haka tilas ne ɗalibin ya ajiye mai sauraron shelar kunnuwa, wanda zai sake ɗana su. In ya kuskure rajista, ranar biya za ta wuce dillali bai sani ba, amana kuwa ita ce jarin dillali.

3. Aji a Cikin Aji

A harshen Java, kowane ƙunshin umarni ana kiransa aji. Sau da yawa mai ƙira yakan sanya ajin mai sauraro a cikin wani babban aji, kamar yaro a gidan maigida. Wannan halal ne, amma da sharuɗɗa huɗu.

Na farko, a kundin rajista ana fara rubuta sunan babban aji, sai alamar dala, sannan sunan ƙaramin. Idan babban aji Kasuwa ne, ƙaramin kuwa Tuni, sai a rubuta .Kasuwa$Tuni. Wanda ya sa ɗigo a gurbin alamar dala, waya za ta nemi ajin ta rasa.

Na biyu, a sanya wa ƙaramin ajin kalmomin public da static. Dalili kuwa, waya ce da kanta take tayar da mai sauraro, a lokacin da babban ajin bai farka ba. Yaron da ba ya iya fita sai da maigidansa, ba a aikensa kasuwa shi kaɗai. Ajin da ba shi da static, rajistarsa sai a cikin umarni yayin da manhaja ke aiki, a kuma soke ta idan an gama.

Na uku, a nemi izinin da ya dace. Shelar kunnuwa tana bukatar izinin RECEIVE_BOOT_COMPLETED.

Na huɗu, tun daga Android 12 na 2021, wajibi ne a bayyana ko wasu manhajoji na waje za su iya taɓa mai sauraron da aka haɗa da shela, ta hanyar android:exported. In an bar gurbin babu komai, manhajar da aka ƙera domin wannan tsari ba za ta shiga waya ba.

A lura kuma, tun daga Android 8.0 na 2017 an hana yi wa yawancin shelar gama-gari rajista a kundi, domin tattalin batir. Shelar kunnuwa da ta saƙon tes suna cikin waɗanda aka bari.

4. Abin da Ya Shafi Kowa

Kunnen da ke taimako shi ne kuma ke iya satar ji. Manhajar da aka ba izinin saƙon tes tana iya karanta lambar sirrin da banki ya aiko. A 2022 Hukumar Tarayya ta Kula da Gasa da Kare Masu Saye ta ɗauki mataki a kan wasu manhajojin ba da rance masu tozarta mabarta a wurin 'yan'uwansu. A 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga jerin lambobi da hotuna, a shekarar ce kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya.

Tun daga Android 6.0 na 2015, waya takan tambayi mai ita kafin ta ba da izini mai haɗari. Kada a danna amincewa da garaje. Manhajar tocila ba ta da hurumi a saƙonninka. A shiga saitin waya, a duba izinin kowace manhaja, a janye wanda bai dace da aikinta ba. Wanda bai iya karatu ba ya nemi amintaccen ɗan'uwa ya duba masa.

Ana kira ga masu ƙira da su tsaya ga shelar da aikinsu ke bukata kurum, ga jama'a kuma da su sa ido, domin rigakafi ya fi magani.