Darasin Kiwo: Kaza Ta Mutu a Gida, Ina Za a Kai Mushen?

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu mun fito ne daga gidajen da kaza ita ce asusu. A Fassi da ƙauyukan Kibiya da Rano, idan lokacin biyan kuɗin makaranta ya matso, zakara biyu ko zabi uku Inna ke kamawa a kai kasuwa. Wasunmu kuma sun fara tara kajin gidan gona a bayan ɗaki don cinikin Sallah. Duk da haka, ranar da aka wayi gari kaza ta mutu a akurki, abin da aka saba shi ne a ce wa yaro: "Kai, ɗauki ka wurga a juji." Darasinmu na yau a kan wannan wurgawar ne, domin sau da yawa ita ke mayar da asarar kaza ɗaya ta zama asarar unguwa.

Me ya sa juji ba wurin mushe ba ne?

Kaza ta mutu, amma abin da ya kashe ta bai mutu ba. Ku ɗauki cutar Niyukasal, wadda ke share kajin ƙauye kusan kowane hunturu. An fara gane ta ne a 1926, ta kuma samo sunanta daga wani birni a Ingila. Ƙwayar cutar tana cikin kashin kaza, da majinarta, da namanta, kuma takan yi kwanaki da ranta a jikin mushe, musamman lokacin sanyi. To, su wa ke ziyartar juji? Kare ya ja ƙafa ya kai bayan gidan maƙwabci. Hankaka da angulu su ɗauki hanji. Kajin unguwa, waɗanda dama sake suke, su zo su yi tonon abinci a wurin. Bayan kwana biyar ko shida sai ka ji ana cewa "iska ta shigo gari." Alhali ba iska ba ce, mu ne muka ajiye mata tabarma.

Akwai haɗari na biyu da mutane ba su cika sani ba. Mushen da ya ruɓe a fili yakan haifar da wata guba mai ƙarfi, tsutsotsin da ke cin sa kuma su kwashe ta. Kazar da ta tsinci tsutsotsin nan sai ƙafafunta su saki, fukafukai su zube, wuyanta ya lanƙwashe ta kasa ɗaga kai. Ko da kazar farko zafi ne ya kashe ta, mushenta na iya kashe wasu ta wannan hanya.

Na uku shi ne ruwa. Abin da aka jefa a kwata, ko kududdufi, ko bakin rafi, damina za ta ɗauke shi ta kai inda ake shayar da dabbobi, wani lokaci har kusa da rijiyar da muke sha.

Mataki na farko: duba kafin ka ɗauka

Kada a taɓa mushe da hannu tsirara. Idan babu safar hannu, leda biyu sun wadatar: ka zura hannunka ciki, ka kama kazar, ka juyo ledar a kanta, ka ɗaure. Kada a aiki ƙananan yara. Kafin nan, tsaya ka yi wa kanka tambayoyi uku.

Guda nawa suka mutu, cikin kwana nawa? Akwai rauni ko jini da ke nuna muzuru, ko kare, ko maciji ne? Yaya sauran kajin suke?

Idan guda ɗaya ce, tsohuwa, ko ta mutu cikin zafin watan Afrilu, sauran kuma suna ci suna sha, to da sauƙi. Kashin jini a ƙananan kaji alama ce ta ciwon hanji da ke da magani. Amma idan ka ga koren zawo, da murɗewar wuya, da shaƙewar numfashi, ka yi zaton Niyukasal. Idan kuwa kaji suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kai ya kumbura, zanko da leɓatu sun yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu sun yi ja kamar jini ya kwanta, to ka ja da baya. Wannan na iya zama murar tsuntsaye, kuma ita tana kama mutum.

Ba tsoratarwa ba ce. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji, Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, cikin 'yan kwanaki kuma aka same ta a gonakin Kano. Gwamnatin Tarayya ta sa a kashe kajin gonakin da abin ya shafa, ta ce za ta biya diyyar naira 250 a kan kowace kaza. A farkon 2007 cutar ta kashe wata matashiya a Legas. A watan Janairun 2015 ta sake ɓulla a Kano. A irin wannan hali ba ka fiɗe kaza don ganin cikinta, ba ka kuma ɗaukar ta a babur zuwa gari. Ka kulle sauran, ka sanar da ma'aikacin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma ko malamin gona na KNARDA. Su ne za su ɗauki samfuri a aika Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, Jihar Filato.

Mataki na biyu: binnewa

Ga mai kaza ɗaya ko biyar, binnewa ta fi sauƙi, ta fi araha. Amma akwai binnewa, akwai rufa-rufa. Ramin da aka yi da fartanya sara uku, kafin gari ya waye kare ya tone shi.

Zurfin ramin ya kai mita ɗaya ko fiye, wato ya kai wa babban mutum kusan ƙugu, yadda ƙasar da za ta hau kan mushen ba za ta gaza ƙafa biyu ba. Ya yi nesa da rijiya, da fanfon burtsatse, da rafi, aƙalla mita 30, kamar taku arba'in ke nan. A zaɓi tudu, a guji fadama da hanyar ruwa. Idan kana haƙa ka ga ruwa ya fara tsattsafowa, bar wurin ka canza. A yankinmu akwai inda dutse ke kusa da sama, ramin ba zai nutsa ba. A nan ƙonewa ta fi.

Ka zazzage kazar daga ledar zuwa cikin ramin, domin leda tana hana ta ruɓewa, ita kuma ledar a ƙone ta. A haɗa da gashin da ya zube da shimfiɗar da ta kwanta a kai. A barbaɗa farar ƙasa ko tokar murhu don rage wari, a mayar da ƙasa, a tattake, a ɗora dutse ko ƙaya.

Mataki na uku: ƙonewa, idan rami bai yiwu ba

Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma sai ta ci mushen har ya zama toka. Babbake gashi da karan dawa ba ƙonewa ba ce, gashi ne kawai ka yi wa karnuka. A jera itace yadda iska za ta shiga ta ƙasa, a ɗora kazar a sama, nesa da rumbu da danga, balle a hunturu da komai ya bushe. Kada a yi amfani da fetur ko tsohuwar taya. Abin da ya rage a binne shi.

Mataki na huɗu: akurki da jikinka

A share kashi da shimfiɗa tukuna, don maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a kan datti. A wanke mazubin abinci da na ruwa da sabulu, sannan a bi da ruwan Hypo ko Izal bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba, a shanya a rana. Ka wanke hannunka, da takalminka, da shebur. Idan annoba ce ta share akurkin, a bar shi fayau na sati uku kafin a zuba wasu. Sabuwar kazar da aka sayo daga kasuwa kuma a ware ta sati biyu, haka ma agwagwa, domin ita takan ɗauki cuta ba ta nuna ba.

Maganar "a yi maza a yanka"

Mushe dai kowa ya san hukuncinsa, Suratul Ma'ida aya ta 3 ta haramta cin sa. Inda muke tuntuɓe shi ne kazar da ke gargara. Sai ka ji an ce, "Kawo wuƙa kafin ta yi mushe!" Yanka yana halatta nama, amma ba ya cire cuta, kuma mai figa da mai fiɗa su suka fi shiga haɗari. Idan an yi ta ɗura mata magani, ragowarsa na nan a naman. Mafi muni shi ne kwashe sauran a kai kasuwa da araha. Wanda ya saya ya kai cutar garinsu, ranar wata kasuwar kuma ta dawo mana a cikin kwandon wani. Wannan ha'inci ne, ko da mun kira shi rage asara.

Aikin da ke kanmu

Cibiyar Vom tana yin allurar rigakafin Niyukasal, har da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaza a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, don haka a haɗa gidaje a yi rana guda, kafin hunturu ya kama. Ga aikin hutu ga kowa, musamman 'yan uwanmu na makarantar Rano masu karatun raya karkara: ka zauna da Inna ko Baba, ku zaɓi wuri ɗaya a bayan gida ko gefen gona wanda ya cika sharuɗɗan nan, ka auna takunsa daga rijiya, ka karɓo lambar ma'aikacin lafiyar dabbobi na yankinku ka rubuta a bangon akurki. Ranar da abin ya faru kana makaranta, ba sai an nemi shawara ba, kowa ya san inda za a kai.