An rufe shago, waya ba ta tashi aiki ba: yadda ake kare ma'aikaci daga gajiyar da barci ba ya maganinta

Ranar da kasuwar Talatar Mafara ke ci, yaron shagon POS yakan buɗe tun rana ba ta ɗaga ba. Manoman rani daga filayen madatsar Bakalori, fatake daga Bakura da Maradun, kowa yana son ya ciri kuɗi ko ya tura. Da magariba a ja ƙofa, amma aikin bai ƙare ba. Wanda banki ya zare wa kuɗi alhali na'ura ta ce cinikin bai yi ba zai kira ƙarfe goma na dare. Maigida zai turo saƙon murya yana neman lissafi. Wani kuma data yake so a saya masa yanzu-yanzu. Yaron yana kwance a kan tabarma, amma a bakin aiki yake.

Haka mai gyaran waya yake, haka mai cajin waya, haka malamar makaranta da aka jefa cikin gurup uku na WhatsApp. A da, kwaɗon ƙofa ne ke raba lokacin aiki da na gida. Yanzu aikin ya shiga aljihu.

Gajiya ce ko lalaci?

Turawa suna kiran wannan hali burnout. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kansa a 1974, bayan ya ga yadda 'yan sa-kai a wani asibitin kyauta na birnin New York ke shigowa da zafin nama su fita kamar an zare musu laka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a kundinta na ICD-11. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce hali ne da ke tasowa daga matsin aiki na dogon lokaci wanda ba a shawo kansa ba. Alamu uku ta ambata: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga ran mutum har ya koma jin haushinsa, da raguwar ƙwazo.

Alama ta biyu ce ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Yaron da aka sani da fara'a ya fara yi wa kwastoma tsawa, sai maigida ya ce ai ya ga kuɗi ne ya fara girman kai. Ta uku kuwa aljihu take taɓawa. Gajiyayyen ido ne ke ƙara sifili ɗaya a kan dubu goma, shi ne kuma ke kallon alat na bogi ya miƙa kuɗi ba tare da ya buɗe manhaja ya tabbatar ba. Washegari a cire giɓin daga ɗan albashinsa, ya ƙara awanni don ya cike, gajiyar ta ninku.

Jiki ma yana biyan nasa kason. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako. Wanda ke buɗe shago ƙarfe takwas ya rufe ƙarfe takwas, kwana bakwai a mako, awa 84 yake yi, ban da kiran dare.

Kashe waya ba mafita ba ce a nan

Shawarar da aka fi ji ita ce a kashe waya da dare. Wanda ya ba da ita bai kwana a Maradun ba. A yankin da 'yan bindiga ke kai hari, kiran tsakar dare yana iya zama na uwa ko na ƙane da ke ƙauye, kuma mutanen Zamfara ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar, aka ɗanɗana zama ba labarin 'yan'uwa. Abin da ake buƙata shi ne tacewa: iyali su shigo, aiki ya jira gari ya waye.

Wayoyin Android na yanzu, har da Tecno da Infinix, suna da wannan a ƙarƙashin Do Not Disturb. A fara sa wa lambobin iyali tauraro a jerin lambobi, sannan a shiga Settings a zaɓi cewa masu tauraro kaɗai ne kiransu zai yi ƙara. A kunna zaɓin masu maimaita kira, ta yadda duk wanda ya sake bugowa cikin minti 15 zai shigo, domin mai gaggawa ba ya kira sau ɗaya. Sai a sa jadawali, misali daga ƙarfe 9 na dare zuwa asuba. A iPhone ana samun irinsa a Focus. Sunayen wuraren suna ɗan bambanta daga waya zuwa waya.

Mataki na gaba shi ne raba layi. Kusan kowace waya tana ɗaukar sim biyu, don haka ɗaya ya zama na shago, a ɗora masa WhatsApp Business. A cikinsa akwai wurin rubuta lokutan aiki da kuma Away message, saƙon da ke amsa wa mutum da kansa idan an tashi. A rubuta shi da Hausa, a gajarce: an rufe, za a duba ƙorafi ƙarfe takwas na safe, a turo hoton rasit. Sau da yawa mai ƙorafin ba warwarewa yake nema a daren ba, so yake ya tabbata an ji shi. Focus mode da ke cikin Digital Wellbeing kuma yana iya dakatar da manhajar aikin baki ɗaya har safiya.

Kason maigida

Duk wannan saiti banza ne idan maigida zai kira sau biyar ya ce, “Kai, ina ka shiga?” Yaron shago ba zai iya ce wa Alhaji ya jira gobe ba, kunya da tsoron rasa abinci ba za su bar shi ba. Dole iyakar ta fito daga sama. Faransa ta mai da wannan doka tun Janairun 2017, inda aka wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin ƙin amsa saƙon aiki bayan an tashi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yi maganar waya ba, amma ta tanadi hutun da bai gaza awa ɗaya ba ga wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana, da hutun yini guda a kowane mako, da aƙalla kwana shida na hutu da albashi bayan shekara ɗaya cur ana aiki. Shaguna nawa ne ke bin ko ɗaya daga ciki?

Mai shago da yara biyu yana iya yin karɓa-karɓa: wanda ya sha Talata ya huta Laraba, wayar shago kuma ta kwana a hannun mai tsaron dare na wannan mako kawai. A gurup ɗin ma'aikata, shugaba yana iya kulle turo saƙo da dare ta yadda admin kaɗai ke iya rubutu, muddin shi ma zai kame hannunsa. Lissafi a yi shi kafin a ja ƙofa, gaba da gaba, ba ta saƙon murya ba.

Batun giɓin kuɗi ma yana son a sake duba shi. Idan kuskure ya fara yawaita a hannun yaron da ba a san shi da kuskure ba, maigida ya ƙirga awannin da ya yi a makon kafin ya ƙirga abin da zai cire masa. Tarihin ciniki da ke cikin manhajar POS yana nuna lokacin ciniki na farko da na ƙarshe a kowace rana, awannin suna nan a rubuce.