Ba ƙarfen ne ke cinye hannu ba

Duk shekara idan mangwaro ya nuna, mu likitocin ƙashi mun san baƙin da za mu yi. Yara ne 'yan shekara 5 zuwa 10, sun faɗo daga bishiya sun dafa ƙasa, ƙashin dantse ya karye dab da gwiwar hannu. Haɗarin wannan karaya shi ne, babbar jijiyar da ke kai jini hannu ta gaban wurin take wucewa.

Akwai yaron da aka kawo mana kwana huɗu bayan faɗuwarsa, an ɗaure hannun tamau da karare da tsumma. Da na kwance, yatsun sun yi baƙi, sun yi sanyi ƙalau, fata duk ta yi bororo. Kakarsa ta ce, "Likita, tun daren farko yake ihu, aka ce mana ɗori ne ke kamawa." Ba ɗori ba ne. Hannun ne ke kumbura cikin ɗauri har jini ya rasa hanya, tsoka kuwa in ta yi kamar awa 6 babu jini sai ta fara mutuwa. Na tambayi mahaifin me ya hana su zuwa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "An ce za ku sa masa ƙarfe, ko ku yanke." Dole muka yanke, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Da a ranar suka zo, barci za a sa shi, a ja ƙashin a mayar mazauninsa muna kallo a na'urar hoto, a soka siraran wayoyi biyu ko uku su riƙe shi, sannan a sa filasta. Sau da yawa ko tsaga fata ba a yi. Bayan sati 3 zuwa 4 a zare wayoyin.

Shi ƙarfe ba ya haɗa ƙashi. Ƙashi da kansa yake haɗewa da ikon Allah, ƙarfe riƙo kawai yake yi kada ya haɗe a karkace, kuma irin wanda ba ya tsatsa ne. Ba kuma yau aka fara ba. Sandar da muke zurawa cikin ramin ɓargon cinya, tun 1939 wani likitan Jamus, Gerhard Küntscher, ya fara aiki da ita.

Na san kuɗin tiyata da nauyi, na kuma san mai ɗori ya fi mu kusa da gida. Amma a fara ɗaukar hoton ƙashi tukuna. In kuwa an riga an ɗaure, a dinga duba yatsu. Suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko yaro ya ƙwalla ƙara da an miƙe masa su, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.